Ki Gaya wa Wancan

Ƙanwata ta rubuta littafi. Na yara ne, irin wanda ake ba 'yan shekara sha biyu zuwa sha biyar su karanta a makaranta. Da Turanci yake, da zanen yarinya a bango tana leƙe ta tsagar ƙofa. Labarin wa da ƙanwa ne a gidan da uba ya samu taɓin hankali. An ce ya yi kyau. An ce malamai na sonsa, wai yana koya wa yara tausayi. Ni ne wan da ke cikin littafin, kuma ni dai tausayin bai iso kaina ba.

Ba ni da bokon da zan mayar mata da martani da irin makaminta. A fom tu, wato aji biyu na makarantar midil, na tsaya. Abin da na iya shi ne awon hatsi a kasuwar Bawku, sai Hausar da aka haife ni a cikinta. Da ita zan faɗi nawa, wanda zai karanta ya karanta.

Mu 'yan Salaga ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka zo suka zauna. Goro ya ja baya, muka koma doya. Gidaje irin namu sun riƙe wasu al'adu gam, har waɗanda na ji an ce a can inda aka ɗauko su ma an sassauta. Ɗaya daga ciki ita ce kunyar ɗan fari, kuma ni ne ɗan fari. Mahaifiyata, Mma, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta dubana ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye muddin akwai wanda za ta aika. In babu kowa a tsakar gida sai ta faɗa wa tukunya, ta ce, "Ruwa ya ƙare a randa," ni kuma in ɗauki bokiti. Yaran Gonjawa maƙwabtanmu dariya suke mini, su ce, "Kai me ka yi wa uwarka tun ranar suna har yau ba ta huce ba?" Abin bai taɓa yi mini zafi ba. Haka na tarar. Na san in ta raba nama nawa ne mai tsoka, sai dai ta hannun wani zai iso gare ni.

Tsakanina da ƙanwata akwai yara biyu da ba su zauna ba, don haka na ba ta shekaru da yawa. Tun da ta iya magana ta zama bakin Mma. Kuma ba ta rage komai a saƙo. In Mma ta ce, "Ki gaya wa wancan ya kai wa babanku abinci kasuwa," sai ta taho da gudu ta tsaya gabana tana haki, ta ce, "Yaya, Mma ta ce ki gaya wa wancan ya kai wa babanku abinci kasuwa." Ni ne wancan. Nakan ja mata kunne in ce, "To wancan ya ji."

Tsohonmu dillalin doya ne. Yakan yi lodi ya kai Makango, a tsallaka ruwa da shi zuwa Yeji, daga nan kudu. Mutum ne mai tsafta, mai son farar riga, ba ya ɗaga murya. Ciwon a hankali ya shigo. Da farko shiru ne ya yi yawa. Daga baya ya fara cewa ana kiransa daga cikin rijiyoyi. Duk wanda ya san Salaga ya san tsofaffin rijiyoyin da ke bayan gari, wasu ciyawa ta rufe bakinsu. Sai ya bar doya a kasuwa ya tafi can ya durƙusa yana amsa gaisuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yanka abin da aka ce a yanka. Yakan yi sauƙi wata guda, ya koma.

Wata rana da hantsi ya sa farar rigarsa ya kama hannun ƙanwata, ya ce za su je gaida dangi. Tana 'yar shekara bakwai ko kusa da haka. Wata mata mai neman itace ce ta gan su a bakin rijiya, ya riga ya cire wa yarinyar takalmi ya jera su gefe guda. Matar ba ta yi kururuwa ba, Allah Ya saka mata. Ta gaishe shi, ta ce ana nemansa a gida, ta ɗauki yarinyar ta goya, shi kuma ya biyo su.

Na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a tsakar gida yana murmushi. Mma tana bakin murhu ta ba ni baya. Ta kira yarinyar ta yi mata magana ƙasa-ƙasa. Yarinyar ta taho, wannan karon ba da gudu ba, ta tsaya gabana ta ce, "Yaya, Mma ta ce ki gaya wa wancan ya sa Baba a ɗakin doya ya ɗaure shi."

Na dubi bayan Mma. Ba ta juyo ba.

Ba sai an yi mini bayani ba. Mace ba ta sa wa mijinta hannu. In an kira wani daga waje, kafin la'asar duk zango, unguwarmu ta Hausawa, ya ji, gobe ba mai ba shi amanar doyarsa, jibi ba mai neman auren 'yarsa. Asibitin masu irin ciwon yana can kudu, mu labarinsa kawai muke ji. Namijin da ya rage a gidan ni ne.

Na lallashe shi ya shiga ɗakin. Sai da ya ga igiya ya gane. Mun yi kokawa a kan tulin doya, ni da ubana, ya kafa mini haƙora a hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu, bai saki ba sai da ya ciro nama. Igiya ba ta riƙe shi ba. Bayan kwana kaɗan wani saƙon ya zo ta bakin yarinyar, na je wurin maƙeri na ce sarƙar saniya muke so.

Shekaru muka yi a haka. In ya dawo hayyacinsa in buɗe kwaɗo, in yi masa aski, ya zauna a zaure da carbi, mutane su zo su yi masa sannu da ciwon ƙafa, don abin da muka ce yana damunsa ke nan. In idonsa ya fara sauyawa in mayar da shi. Ni ke ba shi abinci, ni ke wanke shi, ni ke fitar da bokitinsa. Makaranta ta tsaya, na gaji rumfarsa a kasuwa. Ita kuwa yarinyar ba a bar ta ta daɗe a gidan ba. Ƙanwar tsohonmu tana aure a Yendi cikin Dagombawa, su kuwa a wurinsu goggo tana da haƙƙi a kan 'yar ɗan'uwanta, in ta nema ba a hana ta. Ta zo ta nema, Mma ta ba ta da hannu biyu. A Yendi aka sa ta makaranta, ba ta tsaya ba sai da ta zama malama.

Da tsohonmu ya rasu na kasa zama a Salaga. Ƙanshin doya a rufaffen ɗaki ma ba na iya shaƙa. Na bi wani mai lori zuwa Bawku, na fara da ɗaukar buhu, har na samu rumfata. Na yi aure a makare. Allah Ya ba ni 'ya ɗaya, mace. Ita ma 'yar fari ce, amma ni na ce ba zan yi wannan kunyar ba. Sunanta nake kira da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Tun tana rarrafe a rumfata take wuni, tana wasa da mudu. Da ta fara wayo ta tambaye ni tabon hannuna, na ce jaki ne ya cije ni. A Bawku ba a rasa jaki, ta yarda. Har tsokanata take yi in mun ga wani jaki yana jan amalanke, ta ce, "Baba, ga abokin faɗanka can, a gaishe shi?"

Ni da ƙanwata mun girma kamar dangin nesa. Gaisuwar Sallah, ta'aziyya, shi ke nan. Sai ga shi wani hutun makaranta ta zo Bawku ta sauka a gidana, ta ce ta yi kewar Yayanta. Kullum da safe ta biyo ni kasuwa ta zauna a kan buhun masara da takalminta mai tsini.

"Madam, za ki ɓata zane," na ce mata.

"Bar ni. Kai dai ba ka taɓa sona a kusa da kai ba."

"Yaushe kika zauna kusan har na ƙi ki? Kin tafi kin zama Bature."

"Bature mai cin tubani," ta ce, ta aika a sayo mana.

Maƙwabcina a kasuwa, wani ɗan ƙabilar Busanga mai albasa, ya leƙo ya ce, "Wannan ƙanwanka ne? Ya fi ka kyau nesa." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ji daɗi a raina, ba zan ɓoye ba.

A kan buhun nan ta fara tambaya. Ta ce ita yarinya ce lokacin, abubuwa sun dushe mata. Yaya ɗakin yake? Me Baba yake cewa in ya dawo hankalinsa? Kai me kake ji in ka juya makulli? Ba ta riƙe biro ba, ba ta riƙe takarda ba. Idonta kawai a kaina. Ni kuwa ba wanda ya taɓa tambayata. Matata ma iyakar abin da ta sani tsohonmu ya yi doguwar jinya. Na buɗe baki kamar buhun da aka yanke wa ɗinki. Na gaya mata yadda yake kirana da sunan ƙanensa da ya mutu. Na gaya mata ranar da ya ce mini, da hankalinsa sarai, "Ka ƙara matse sarƙar, ɗazu na kusa zare ƙafa." Na tuna mata rijiya da takalmanta da aka jera. Na tuna mata saƙon Mma, har na kwaikwayi muryarta ta yarinta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na tuna, Yaya. Wannan ban manta ba." A gabanta na yi abin da ban yi ba ranar jana'izarsa, na juya fuska wajen buhunan gero don kada mai albasa ya gani.

Ta sake zuwa hutu na gaba, da na gaba. A zuwan ƙarshe ta ce in yarinyata ta gama ƙaramar sakandare tana so in ba ta riƙonta, ta ci gaba da karatu a Yendi, kamar yadda goggo ta yi mata. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Na ce, "Taki ce." Na faɗa a gaban matata da yarinyar. Yarinyar ta yi tsalle ta rungume Antinta, haka take kiranta.

Littafin ya zo ta hannun direba, a cikin leda, da sunan yarinyata a rubuce a shafin farko. Na juya shi, na ga sunan ƙanwata a bango, na kai wa mai albasa ya gani. Na ce, "Gidanmu ne ake buga littafi." Ban karanta ba. Turancina na rasit ne da allon mota.

Yarinyar ta cinye shi cikin kwana biyu. Daga nan ta daina zuwa rumfa. In ta kawo mini abinci sai ta ajiye ta juya. Da, in ina alwala ita ke zuba mini ruwa tana ba ni labarin makaranta har in ce ta bar ni in yi niyya. Yanzu sai in tarar da buta cike a ajiye, ba kowa. Na zaci girma ne ya zo mata. Mai albasa ne ya ce, "Yarinyanka ya yi shiru kwanan nan. Ka duba shi."

Wata Asabar da yamma na naɗe hannun riga ina wanke hannu, na ɗaga kai na ga ta kafa wa tabon ido.

Ta ce, "Ba jaki ba ne."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko littafin. Na ce ta zauna ta karanta mini, ta juya da Hausa, kada ta tsallake komai. Muka yi kwanaki muna yi, bayan la'asar, ita a bakin tabarma can nesa da ni.

Komai nawa yana ciki. Ɗakin doya, maƙeri da sarƙar saniya, askin zaure, ciwon ƙafa, har sunan ƙanen da ya mutu. Cizon yana nan a hannun hagu, ƙasa da gwiwar hannu, ko gefe ba ta sauya masa ba. Amma uban littafin ba ya zuwa rijiya. Waƙa kawai yake yi, yana hira da ƙadangaru, ba ya cutar da kowa. Wan ne ya gaji da dariyar abokansa, yana kuma son ya zama mai gida, ya je da kansa ya sayo sarƙa. Uwar ta durƙusa tana roƙonsa, ya ture ta. Ƙanwar ba ta kai saƙon kowa ba, leƙe kawai take ta tsagar ƙofa tana kuka. A ƙarshe wata goggo mai kirki ta zo ta cece ta, ta yi karatu, ta girma, ta yafe wa wanta a zuciyarta. Yafe mini ta yi. A shafin ƙarshe.

Na gaya wa 'yata yadda aka yi, tun daga rijiya. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "To me ya sa ka ce jaki ne?"

"Don ke yarinya ce."

"Anti ba ta ce mini jaki ba ne."

Nan na ga inda na tsaya. Ni na taɓa yi mata ƙarya, littafi bai taɓa ba.

Na rufe rumfa na hau mota zuwa Yendi. Na samu ƙanwata a gidan malamai da rana tsaka tana turara wasawasa. Da ta gan ni ta san abin da ya kawo ni, don ba ta yi mamaki ba. Ta kawo ruwa, na ƙi sha.

"Yaya, labari ne. Ƙirƙira ce. Ba sunanka a ciki."

"Hannuna yana ciki."

"Mutum nawa ne a duniya suka san hannunka?"

"Ɗaya. Kuma ke kika aika mata da shi, da sunanta a rubuce."

Ta juya abin da ke cikin tukunya.

Na ce, "Ina rijiya? Ina takalmanki? Wa ya zo ya tsaya gabana ya ce Mma ta ce?"

"Littafin yara ne. Yaro ba zai iya ɗaukar uban da zai jefa 'yarsa a rijiya ba. Ba zai iya ɗaukar uwar da ta ce a ɗaure mijinta ba. Dole a samu wanda za su ji haushi, in ba haka ba su ajiye littafin."

"Sai aka duba gidan aka ga ni ne ba ni da amfani."

"Ba haka ba ne. Mma tana da rai, Yaya. In na sa ta a ciki, wani ya karanta ya kai mata, da wane ido zan dube ta?"

"Ni da wane ido kike dubana yanzu?"

Ta dube ni kuwa, ba ta ko ƙifta ba. Ta ce, "Kai namiji ne. Ka saba ɗauka."

Na daɗe ina jin maganganu a kasuwa, an zage ni da Kusasanci, an zage ni da Mosanci, ba wadda ta zauna mini a ƙirji kamar wannan. Ta ƙara da cewa ita ma ta sha wahala, wai shekaru tana mafarkin ƙarar sarƙa, kuma a mafarkin hannuna take gani, ba bakin Mma ba. Wataƙila gaskiya ne. Amma a kan buhun masarata ta ce ta tuna. Na ce ta kira yarinyar ta gaya mata gaskiya, magana biyu kawai. Ta ce za ta duba lokacin da ya dace, kada a rikita yarinya tana shirin jarrabawa. Ta zuba mini wasawasa a leda in tafi da shi. Na bar shi a kan kujera.

Lokacin bai zo ba. Saura mutum ɗaya da ya san abin da aka yi. Da aka gama jarrabawa na ɗauki yarinyar muka tafi Salaga.

Mma ta tsufa, ido ya yi hazo, tana zaune a tsakar gida a inda murhu yake da. Ɗan ƙanenta da iyalinsa ke kula da ita. Ɗakin doya an fasa masa ƙofa ta waje an ba wani tela haya. Na leƙa ina neman ƙarfen da na kafa a ƙasa da hannuna, na tarar an shafe wurin da siminti, keken ɗinki a kai.

Na gaishe ta daga nesa kamar yadda na saba, ta amsa wa iska. Amma da jikarta ta durƙusa sai fuskarta ta buɗe. Ta shafa kanta, ta shafa kafaɗa.

"Wace ce wannan doguwa kamar karan dawa? A Bawku ba a ba ku abinci ne, sai tsawo?"

"Kaka, ke ce kika gajarce."

"Ji bakinta. Da me kika zo mini, ko hannu biyu kika kawo?"

"Da albasa."

"Albasa. Ta ga ba ni da haƙori ta kawo mini abin sa kuka."

Suka yi ta yi, ina zaune a kan turmi ina jira. Da suka lafa na ce wa yarinyar, "Tambaye ta." Ta dube ni, ta dubi ƙasa. Na ce, "Tambaye ta wa ya ce a ɗaure kakanki."

Ta tambaya.

Mma ba ta motsa ba. Hannunta yana kan kan yarinyar, ya tsaya cak. Can ta ce, "Wa yake gaya miki wannan zance? Kakanki ciwon ƙafa ya yi. Mutumin kirki ne, duk Salaga an san shi. A gidan nan ko akuya ba a taɓa ɗaurewa ba."

Na tashi daga kan turmin. Abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni na yi. Na zo gabanta na tsuguna na ce, "Mma, ni ne. Ki dube ni. 'Yata tana ganina azzalumi. Ki gaya mata ke kika aiko."

Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta. Ta juya wajen yarinyar ta ce, "Rana ta yi. Je ki ce a daka muku sakwara."

Ban ci ba. Na fita na zauna a zauren da nake yi masa aski. Na san abin da ta yi, kuma na san dalili. Shekaru ta yi tana gadin sunan mijinta, ba za ta zubar da shi a gaban jika ba don ni. Ƙanwata ta zaɓi Mma, Mma ta zaɓi wanda ke kabari. Ni aka aika, kuma a kaina aka sauke.

Duk da haka na ɗan sa rai. Na ce yarinyar tana da kai, za ta ga Kaka ta ɓoye wani abu, za ta san akwai abin da littafin bai faɗa ba. A hanyar dawowa muka wuce Tamale. A Walewale mota ta tsaya, na sayo mata ƙwai da burodi ta taga. Ta riƙe ba ta ci ba.

Ta ce, "Baba, Anti ta ce an ɗaure shi. Kai ma ka ce an ɗaure shi. Kaka ce kaɗai ta ce ba a yi ba."

Na ce, "Kin gani ke nan."

"Na gani. Kai take rufa wa asiri. Uwa ba za ta tona ɗanta ba."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. A hankali ta faɗa, kamar mai yi mini ta'aziyya. Direba ya yi hon, muka ci gaba.

Da sakamako ya fito ta samu makaranta a Yendi, yadda aka tsara tun farko. Ƙanwata ta kira matata, ba ni ba, ta ce ta gyara ɗaki. Na ce ba inda za ta. Matata ta ce, "Ka riga ka ba da ita a gaban mutane, kuma goggonta ce." Na ce goggon ta ci amanata. Ta ce, "To ka gaya wa yarinyar da bakinka."

Na kira ta. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Na ce akwai makaranta a Bawku, akwai a Tempane, ba dole sai Yendi ba. Ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, Baba. In ka ce in zauna zan zauna." Amma na ga yadda take kallona, na kuma san shafin da take karantawa a fuskata. In na hana ta, na zama yaron littafin ke nan da gaske, mai rufe mutane a ɗaki don ya nuna shi ne mai gida. Ƙanwata ta ɗaure ni da kyau, ba ta ko je wurin maƙeri ba.

Ni na saya mata akwati. Ni na auna mata gero da wake na kaiwa gidan riƙo, don kada a ce ta zo hannu sake. Na kai ta tasha da safe, na yi wa direba kashedi ya sauke ta a hannun Antinta, ba a bakin hanya ba.

Tana can yanzu. An ce tana ƙoƙari, an ce ita ma tana son rubutu. Takan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tana gaishe ni da kyau, gaisuwa cikakkiya, ta tambayi kasuwa, ta tambayi jiki, ta tambayi mai albasa. In ta gama sai ta ce in ba mamanta wayar, ni kuma in miƙa.